Gonar Ciɗo da ke ƙarƙashin tabki

Washegarin ranar da Baba Ciɗo ya rasu, jirgi ko ɗaya bai shiga tabkin Gidan Ɓurtu ba. Matan da ke zuwa daga Tawa sarin kifi sun iso da kwandunansu, suka tarar da bakin ruwa shiru, sai balbelu ke yawo. Da aka gaya musu abin da ya faru, suka tara kwandunan a gindin bagaruwa suka bi mutane gidan gaisuwa. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi kowa iya taya kifi da wulaƙanci, ita ta fi kowa kuka. Tana cewa duk bakin ruwan nan shi kaɗai ne in ka zage shi a ciniki yake ƙara maka gyara.

In kuna son ku san ko wane ne Ciɗo, sai mu koma shekarar da ruwa ya ci fadama.

Garinmu yana ƙasar Adar, arewa maso gabas da Tawa, a tsakanin duwatsu. Mu manoma ne tun kakanni, kifi kuwa sai dai labari. Mafi kyawun ƙasarmu ita ce fadamar da ke yamma da gari, inda dawa ke fin mai raƙumi tsawo. Wata damina aka yi ruwa irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba, ƙoramu suka kwaso yashi daga kan duwatsu suka toshe inda ruwan ke fita. Fadama ta cika. Aka ce a bari rani ya zo, ai rana za ta shanye shi. Rani ya zo ya wuce, ruwa yana nan. Wani ranin ya sake zuwa, ruwa ko gezau. Da masu gonaki suka ga haka, sai suka yi abin da Ba'adare ke yi in gona ta ƙi, in kuma ta yi kyau ma shi yake yi: suka ɗaure kaya suka nufi Abija, can bakin teku, bida, wato cin rani.

Ciɗo a lokacin saurayin magidanci ne, da matarsa Tanna da jaririyarsu Ummul Kulsum. Gonar ubansa tana tsakiyar fadama, wato yanzu tsakiyar tabki. Shi ma aka dama masa hura, aka ɗaure masa ƙunshin kayansa, tsofaffi suka sa masa albarka. Ya isa tashar Tawa, ya sami wuri a mota kusa da taga. Ana cikin ɗaure kaya a sama sai ɗan wata mata ya tsanyara kuka, muryarsa sak ta Ummu. Ciɗo ya saurara, ya sake saurara. Ƙofa ta riga ta toshe da buhuna, don haka ta taga ya fito. Kafin magariba yana zaune a tsakar gidansa da Ummu a cinya, shi da Tanna suna shan hurar guzurin.

Gari ya samu abin yi. Aka ce ga wanda ya je Abija ya dawo tun hurarsa ba ta yi tsami ba. Yara in sun gan shi sai su tambaye shi labarin teku. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce teku tana gaishe su.

Ana nan sai ga Sarkawa daga wajen Kabi, masunta na gado, da jiragensu a kan babbar mota. Sun ji labarin sabon ruwa da ba mai taɓa shi. Wata safiya Ciɗo ya tsaya a gaɓa yana kallon inda gonarsa take, kamar yadda ya saba kullum, sai ya ga wani ƙato a jirgi yana jawo tarwaɗa mai kaurin cinya daidai inda ubansa ke shuka wake.

"Kai bawan Allah!" ya ƙwala masa kira. "Gonar mutane ta hwa nan!"

Basarken ya duba dama, ya duba hagu, ruwa ne ko'ina. Ya ce, "To ina hatsin?"

"Ga shi nan hannunka!" in ji Ciɗo.

Dariyar da mutumin ya yi har sai da jirginsa ya nemi kifewa. Ya tuƙo zuwa gaɓa ya miƙa wa Ciɗo tarwaɗar, ya ce in dai gonarsa ce, ya shigo ya koyi girbinta. Haka Ciɗo ya shiga su. Watannin farko ya sha ruwan tabki fiye da shanun gari, ya jefa ragar birgi ya rufe kansa da ita, ƙugiyar mamari ta san kowane yatsa nasa. Amma ya koya. Ya iya tuƙi, ya iya ɗinkin raga, ya san inda karfasa ke kwana da inda giwan ruwa ke bi.

Abu ɗaya ne Sarkawa suka kasa cire masa: zuciyarsa ta manomi. Ciɗo bai taɓa yarda cewa tabki na kowa ba ne. A wurinsa fadama tana nan yadda take, ruwa ne kawai ya hau kanta. Don haka ba ya su sai a kan gonarsa. Iyakarsa ta gabas busasshen gawo ne da kansa ya leƙo sama, ta arewa wani dutse da ake taɓawa da gora, ta kudu kututturen bagaruwa. Ta yamma, wadda ta raba shi da gonar abokinsa Illa, da can wani babban suri ne na gara, shi kuwa ruwa ya narkar da shi tun daminar farko. A wannan ɓangaren Ciɗo yakan tsaya nesa-nesa don kada ya ci haƙƙi. In yana bin garken kifi suka ƙetare, sai ya ajiye filafili ya bi su da ido.

"Sun shiga gonar mutane," zai ce.

Kowace bazara kuma, lokacin da ake kai taki gona, sai ka ga Ciɗo ya loda jirgi da kashin awaki yana watsawa cikin ruwa, domin haka ubansa ke yi wa wannan ƙasa, shi kuma ba zai zama ɗan da ya bar gonar gado da yunwa ba. Wani lokaci har da dussa. Kifayen tabki duka su taru su ci su yi ƙiba, sannan su watse su faɗa ragar Sarkawa. Sarkawa ba su taɓa yin sallah ba tare da sun roƙa masa tsawon rai ba.

In kuwa iska ta ja ragarsa ta ƙetare iyaka, duk abin da ta kama ba nasa ba ne. Sai ya zura shi a igiya ya kai gidan mai gonar. To masu gonakin suna Abija da Kamaru da Gabon, matansu ne a gida da tarin yara, suna jiran saƙon da ke zuwa in ya ga dama. Sallama kawai za su ji a ƙofa.

"Ga amfanin gonarku, iska ta kai ni."

Mutane sun daɗe suna mamakin iskar tabkin nan. Ba ta cika kaɗawa wajen gonakin masu hali ba. In aka yi haihuwa a wani gida, ko mai gidan ya daɗe bai aiko ba, sai ta bi ta can mako guda cur. Akwai manyan maza yau a Tawa, masu shaguna da masu aikin ofis, da ƙashinsu ya yi ƙwari da wannan iska.

A gidansa kuwa akwai abin kallo. Tanna Buzuwa ce daga arewa, ta tashi da nonon raƙuma da cuku, danginta ba su ɗauki kifi a matsayin abinci ba. Ta zauna da masunci har tsufa, kifi bai taɓa wuce leɓenta ba. Tukunyarta daban, ludayinta daban. Kullum in ya dawo daga ruwa sai ya yi wanka da toka, ya sake da sabulu, sannan ya zo ƙofar ɗaki ya tsaya kamar mai mota a gaban duwan masu binciken kaya. Ta fito ta shinshina shi.

"Koma. Bayan kunne."

"Haba Tanna, hwatata za ta ƙare."

"In ta ƙare ƙarnin ya bi ta."

Amma duk bakin ruwan nan ba mai bandar kifi kamarta. Da gyale ɗaure a hanci take yi, tana juya su da sanda tana zaginsu da Buzanci, su fito ja-ja-wur. In an tambaye ta sirrin, sai ta ce so take ta ga sun ƙone, Allah ne bai nufa ba.

Allah ya ba su ƴaƴa huɗu da suka rayu. Ciɗo irin uban nan ne da maza ke kallo suna girgiza kai: yana goya yaro, yana cire wa kowa ƙaya daga kifi kafin ya kai loma bakinsa, ba ya cin abinci sai ya ga kowane ɗa a zaune. Sai dai ƴaƴan Adar suna girma ne da ƙafa ɗaya a mota. Ummu aka yi mata aure a Tawa, wannan da sauƙi. Muktari ya tafi Abija. Hamid ya tafi Libiya. Kowanne Ciɗo ya raka shi tasha yana murmushi, ya dawo ya kwanta ya juya wa tuwo baya. Jikokinsa na Abija a salula ya san su. Yakan ɗaga musu tarwaɗa su gani, su kuwa su yi masa Faransanci, ya yi ta cewa "amin, amin."

Saura auta, Rissa, wanda aka sa wa sunan kawunsa. Shi ne ya gaji hannun uban a ruwa, har ya fi shi. Amma abokansa duk sun tafi, kullum suna aiko masa hotunansu sun jingina da motocin mutane, da tabarau a goshi. Wata rana bayan la'asar, suna gyaran raga a tsakar gida, Rissa ya ce bayan Sallar Layya zai bi Hamid. Har ya kama wuri a motar Agadas.

Ciɗo ya ci gaba da ɗinki, amma allurar ba ta shiga inda ya nufa.

"Mi ka rasa nan?"

"Baba, mi gare ni nan?"

"Ga gona."

"Wace gona? Wadda aka zuwa da jirgi? Abokaina in sun tambaye ni gadona, ruwa zan ɗebo in gwada musu?"

Ciɗo ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya yi lallashi. Ya kawo maganar aure, Rissa ya ce ai masu aure su ne kan gaba a mota. Ya kwanta ciwo yana nishi, har Rissa ya fara damuwa, sai Tanna ta ce a gaban kowa ba ta taɓa ganin mai jinyar da ke neman ƙarin tuwo ba. Sallah tana matsowa. In Rissa ya tafi, gidan da Ciɗo ya fito ta tagar mota dominsa zai koma shi da tsohuwa, suna kallon salula ko za ta yi ƙara.

To a nan ne ya tuna da Illa.

Illa abokinsa ne tun suna kiwon awaki, kuma maƙwabcinsa na gona. Ya yi shekaru a Abija yana sayar da takalma, ya dawo da tumbi da tabarau da kalmar Faransanci "wala" da yake rufe kowace magana da ita. Tun da ya dawo bai ko kalli tabki ba, ya ce shi ya ga teku. Kullum da hantsi shi da Ciɗo suna dara a gindin itacen bedi, suna zagin juna da kakannin juna. Ran nan Ciɗo ya naɗe giwan ruwa mai banda a takarda ya same shi a zaure.

"Illa, alhwarma niz zo nema."

"In ba ta kuɗɗi ba ta, hwaɗi."

"Rigima nika so ka yi mini."

Illa ya sauke tabarau. Ciɗo ya matso ya yi masa bayani. Ya ce ya daɗe yana lura da mutanenmu. Uwa ta yi ciwo, a aiko da saƙo. Mata ta haihu, a aiko da turmin zane. Amma da aka ce wa Adamu na unguwar gabas maƙwabcinsa ya matsar da gambar iyaka taki ɗaya cikin gonarsa, daga Gabon ya taso, har yau bai koma ba. Don haka shi zai ba Rissa gonar kyauta a gaban shaidu. In an zo iyakar yamma, Illa ya ɗan yi gardama.

"Kaɗan hwa, Illa. Kamar gishiri ga miya. Yaron dai ya ji ana son abin nai."

Illa ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wannan ai wasa ne, shi da ya yi ciniki da mutanen Abija. Ya karɓi kifin ya ce, "An gama. Wala."

A garinmu kyautar gona ba ta tabbata da baki. Sai mai gari da liman da maƙwabta sun je sun taka iyaka, kusurwa-kusurwa, ƙafar mai gari ta taɓa ƙasa a kowace, sannan a yi fatiha. Da Ciɗo ya kai maganar, mai gari ya ce to ai sai a jira ruwa ya janye. Ciɗo ya tuna masa cewa tun zamanin ubansa ake jira. Liman ya ce a ganinsa in an soka gora ta taɓa ƙasa ya wadatar. Mai gari, wanda bai son a ce a zamaninsa aka sassauta al'ada, ya ce kakanninsa da ƙafa suka taka, shi ma da ƙafa zai taka. Ya faɗi haka ne a zaure, a kan busasshiyar tabarma. Kuma mai garinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, gajere ne.

Aka sa rana da hantsi, ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya fi ja baya. Gari duka ya fito gaɓa. Dattawan da suka tsufa a bakin tabki ba su taɓa shiga jirgi ba aka ɗora su ɗaya bayan ɗaya da manyan rigunansu, kowanne ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Liman ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya ƙara da ta tafiya, da jirgi ya ɗan karkata ya zarce da wadda ake yi wa mai barin duniya. Rissa ne ke tuƙa jirgin ubansa, da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa salula. Jakarsa tana ɗaki a ɗaure. Ya zo ne don kada a ce ya ƙi kyautar uba.

A wajen gawo aka tsaya. Sarkawa biyu suka kama mai gari ta hammata suka zura shi cikin ruwa a hankali. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, rigarsa ta buɗe a kan ruwa kamar laima.

"Ka taka, ranka ya daɗe?"

"Ƙara!"

Sai da ruwa ya taɓa gemunsa ya ce ya taka. Aka jawo shi, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Liman ya ce ba komai, ya zama shaida. A dutsen arewa da kututturen kudu mai gari ya ce ya lura maganar liman ma tana da hujja, a kawo gora.

Sai iyakar yamma. Ciɗo ya sa aka tsaya, ya nuna ruwa ya ce nan surin yake. Ya ɗan saci kallon Illa.

Illa ya miƙe tsaye a cikin jirgi, abin da ko yaro ya san ba a yi. Jirgi ya yi dama ya yi hagu, dattawa suka yi salati.

"Nan? Wane suri? Ciɗo, ka ji tsoron Allah! Surin can shike!" Ya nuna wani wuri da ya kusa kai tsakiyar gonar Ciɗo.

Rissa ya ɗago kai daga salula.

Ciɗo ya ce, "Haba Illa," da muryar wanda aka zalunta, yana jin daɗi a ransa. Ya ɗan ƙifta masa ido, wato ya isa haka. Illa bai gani ba, ko ya gani bai kula ba. Ga jama'a a gaɓa, ga dattawa suna saurare, rabonsa da samun masu sauraro haka tun Abija.

"Shekara da shekaru kana cin kihin gonata ina kallo, na yi kawaici don zumunci! Ubana da hannunai ya dasa gamba daga surin nan har gindin gawo! Kakanka ma aro anka ba shi!"

"Baba Illa," in ji Rissa, "da girmanka?"

"Kai yi mini shiru, ɗan jiya! Kai da za ka Libiya, mi ya dame ka? Tahi abinka. In ka komo ka iske na kai har gawo. Wala!"

Salular ta faɗa cikin jirgi. Rissa ya fizgi gora ya yi tsalle cikin ruwa da rigarsa, ya yi iyo zuwa inda ubansa ya nuna, ya kafa ta a laka da ƙarfin da sai da ta yi rawa.

"Wanda ya isa ya tuge ta!"

Gaɓa ta kaure da ihu. Mai gari, yana ɗigar da ruwa yana rawar sanyi, ya ce wannan magana babba ce, ba a yanke ta da gaggawa. An ɗaga shari'a sai ranar da tabki ya ƙafe aka ga gindin surin da ido.

Sallah ta zo ta wuce. Motar Agadas ta tashi, wani ya zauna a wurin Rissa. Da abokansa suka kira, ya ce musu yana nan tafe, wata ƴar magana ce ta gona zai kashe tukuna.

Ciɗo ya naɗe wani kifin ya tafi godiya. Ya tarar da Illa a zaure, amma Illa bai matsa masa a tabarma ba.

"Illa, ka yi aiki. Sai dai gishirin ya ɗan yi yawa."

"Wane gishiri? Ciɗo, na zauna na yi tunani. Surin nan can shike inda nig gwada."

"Kai, ni hwa na roƙe ka!"

"Allah na ya matsi bakinka. Ɗauki kihinka, wa ya sani ko na gonata na."

Ashe Illa ya riga ya kira ƴaƴansa a Kamaru ya ce musu ana cinye musu gado suna can suna tallar agogo. Biyu suka dawo, suka sayi jirgi, suka sha nasu rabon na ruwan tabki har suka iya. Labari ya bi salula ya kai duk inda ɗan Gidan Ɓurtu yake, cewa ana rabon ruwa a gida. Mutanen da ko ranar sunan ƴaƴansu ba su zo ba sai ga su suna sauka daga mota, kowa yana tambayar ina gawon kakansa. Tabki ya cika da gorori kamar an shuka su. Muktari ma ya zo duba ko ba a taɓa ɓangarensa ba, ya kwaso iyalinsa daga baya. Hamid dai bai zo ba. Yakan kira duk Juma'a, kafin ya tambayi lafiyar uwarsa sai ya tambayi labarin suri.

Amma dara a gindin bedi ta mutu. Illa ya daina gaisuwa, ya canza sahu a masallaci, in sun haɗu a hanya sai ya tsaya gyaran tabarau har Ciɗo ya wuce. Abin ya ci Ciɗo ƙwarai. Da hantsi yakan je gindin bedin ya zauna shi kaɗai yana tona ramukan dara da yatsa. Magana ɗaya zai faɗa a gaban mai gari komai ya warware, ya sani. Ya kuma san jakar Rissa tana nan a rataye bayan ƙofa, ba a kwance ta duka ba.

Tanna kaɗai ya gaya wa. Ta ce, "To ga shi nan, ka sami ɗa ka rasa aboki. Ka ji daɗi?"

Ciɗo ya ce, "Illa ina ganin ƙeyarshi masallaci sau biyar. Wanda ya tahi Libiya ko ƙeyar ba a gani."

Haka aka tafi. Rissa ya yi aure, don mai tsaron iyaka yana buƙatar mai kai masa hura bakin ruwa. Aka haifi na fari, aka haifi na biyu. Da ƙarfin Ciɗo ya ragu ya bar shiga ruwa, sai ya koma gaɓa yana ɗinkin raga, jikoki suna hawa bayansa suna ja masa gemu, na Abija sun koyi Hausa har suna zagin awaki da ita. In an zauna cin tuwo tsakar gida ba ta ɗaukar su, shi kuma yana tsakiya yana cire ƙaya, nasa tuwon yana hucewa.

Bara bayan girbi ya kwanta, wannan karon ba ya neman ƙari. Ciwon bai daɗe ba. Ranar ƙarshe da rana tsaka, kansa yana kan cinyar Rissa, Muktari yana yi masa fifita, Ummu ta iso daga Tawa, sai aka ji sallama. Illa ne, ya tsufa, tumbin ya zube. Ya durƙusa ya kama hannun Ciɗo yana kuka kamar yaro, yana cewa ya yafe masa duk kifin da ya ci, duniya da lahira. Ciɗo ya buɗe ido ya dube shi, kafaɗunsa suka ɗan girgiza. Waɗanda ke wurin sun ce ba su san ko tari ne ko dariya ba. Kafin la'asar ya cika. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya sa yadda ya tara iyalinsa a nan ya tara su a can.

Da Tanna ta fita takaba, ta ga ba dalilin ci gaba da riƙe maganar. Ta kira Rissa ɗaki ta gaya masa komai, tun daga giwan ruwan da aka kai wa Illa a takarda har zancen gishiri. Ta ce yanzu ya san gaskiya, in yana son ya je ya shirya da tsohon nan ya je, in kuma Libiyar ce har yanzu a ransa, ita ba za ta riƙe shi da ƙarya ba.

Rissa ya saurara har ta gama. Ya share ido da hannun riga.

"Allah sarki Baba. Inna, ke ba ki gane ba? Ya hwaɗa miki haka na don ya ruhe ma Illa asiri. Har ya mutu bai son a ce abokinai azzalumi na."

"Rissa, ni hwa ya gaya ma da bakinai."

"Ai shi na nika hwaɗi. Mutumin kirki na."

Ya miƙe ya ɗauki filafili. Ya ce zai leƙa yamma ya dawo, jiya ya ga ƴaƴan Illa suna shawagi kusa da gorar.